Tambayi Likita: Tunda ya yi haɗari ya canza, amma shi cewa yake lafiyarsa ƙalau

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Dan Allah shawara nake nema akan maigidana. Bara da azumi mota ta buge shi yana kan mashin zai dawo daga kasuwa, ba hular kwano a kansa, ya yi kusan sati biyu bai san inda kansa yake ba, daga baya Allah ya tashi kafaɗunsa aka sallamo mu. Yanzu in ka ganshi ba za ka ce wani abu ya taɓa samunsa ba, yana tafiya yana magana yana cin abinci, amma wallahi Likita ba mutumin da na aura bane. Da mutum ne mai haƙuri ga kunya, yanzu abu kaɗan ya hau faɗa, yara na jin muryarsa suke shigewa ɗaki, sai ya faɗi magana gaban surukai wadda da ko da wasa ba zai faɗa ba, a shago kuma kullum asara, ya bada bashi ya manta wa ya ba, ya bada canji sau biyu. In na yi magana sai yace shi lafiyarsa ƙalau, ni ce nake so in maida shi mahaukaci. 'Yan uwansa da yake sama-sama suke ganinsa sun fara cewa ni ce na canza, wasu kuma suce sammu aka yi mai. Har saki ɗaya ya yi min cikin faɗa, washegari yace shi sam bai san an yi haka ba. An sake yi mai hoton kai ance babu komai. Shin taurin kai ne kawai ko da gaske bai san halin da yake ciki ba? Daga wata baiwar Allah a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da haƙuri, Allah ya ba shi lafiya ya ba ki ladan jinya. Daga yadda kika bayyana, mafi kusa shine da gaske bai sani ba. Ba wai yana gani yana musu bane, wurin da yake sa mutum ya ga kansa shine ya samu rauni.

Kinga gaban ƙwaƙwalwa, wato abin da ke bayan goshi, shi ke riƙe da birkin mutum, shi ke ce maka wannan maganar ba a yinta gaban suruki, shi ke tsara abin da za ka yi kafin ka yi, shi kuma ke bin bayanka yana duba ko ka yi daidai. To wannan wurin yana zaune ne akan ƙashi mai kaushi da ke saman ramin idanu, in kai ya bugu da ƙarfi ƙwaƙwalwa takan girgiza cikin ƙoƙon kai ta gogu da ƙashin nan, shi yasa ko ta ƙeya mutum ya faɗi sau da yawa gaban ne ke shan wahala. Sannan akwai siraran jijiyoyi da ke haɗa sashe da sashe, girgizar takan tsinka su nan da can, kuma irin wannan tsinkewar yawanci siti sikan, wato hoton kai da ake yi a asibiti, baya nuna ta, shi jini da karaya ya fi gani. Saboda haka cewa da aka yi hoto ya fito babu komai bai ƙaryata ki ba ko kaɗan. Mutumin da ya yi sati biyu bai san inda yake ba rauni mai nauyi ya samu ko hoto ya nuna ko bai nuna ba.

Abin kamar motar da allurar da ke nuna yawan mai a tankinta ta maƙale ne akan cike. Direba na duba allura yana ganin tanki cike, ke kina daga waje kina jin mota na shaƙewa kina ce mai mai ya ƙare, shi kuma a ganinsa ke ce mai rigima. Likitoci sun daɗe da sanin wannan. Tun 1914 wani likitan jijiya a Faransa, Jozef Babinski, ya rubuta labarin masu shanyewar ɓarin jiki da hannunsu na hagu baya motsi sam amma suna cewa lafiya lau yake, ya sa wa abin suna anosognosiya. A masu raunin kai abin da aka fi gani shine mutum zai yarda ƙafarsa na ciwo, zai yarda kansa na ciwo, amma batun mantuwa da fushi da canjin hali sai yace atafau babu.

Kuma sanin nan hawa-hawa ne. Wani bai ma san yana da matsala ba. Wani in kina hira da shi zai ce eh gaskiya ina mantuwa, amma a daidai lokacin da yake bada canji karo na biyu baya lura. Wani yana lura in abin na faruwa amma baya iya hango shi tun kafin ya faru bare yace bari in sa yaron shago ya riƙe kuɗi yau tunda ranar kasuwa ce. Na faɗi haka ne don kar wata rana ya amsa miki cewa yana mantuwa ki ɗauka shikenan an gama, washegari ya maimaita ki ce ashe da gangan yake. Wani lokacin ma abu biyu ne a haɗe, akwai rashin sanin da rauni ya kawo, akwai kuma tsoron da kowane magidanci ke ji ace ya kasa riƙe gidansa. Mai rashin sani tsantsa in an nuna mai kuskurensa yakan yi sororo yana mamaki ko ya ɗaga kafaɗa ya wuce, mai tsoro shine yake harzuƙa. Mijinki da alama yana da duka biyun.

Abu na farko, ki daina gardama da shi akan ko yana da lafiya ko bashi da ita, ba za ki ci wannan gardamar ba, sai dai ta ƙara sa shi ganin ke abokiyar gaba ce. A maimakon "ba ka da lafiya" a riƙa magana akan abu ɗaya takamaimai, kuma ba a gaban mutane ba, ba kuma lokacin da ransa ke ɓace ba. Masu aikin farfaɗo da irin waɗannan marasa lafiya suna da wata dabara mai sauƙi da za ku iya yi a gida, kafin ya fara wani aiki a tambaye shi yana ganin zai yi shi daidai, minti nawa zai ɗauka, sai ya yi, sai a zauna tare a kwatanta abin da ya zata da abin da ya faru. Misali lissafin cinikin rana, ya faɗi nawa yake zaton an yi, a ƙirga tare, littafi ne zai yi magana ba bakinki ba. An kuma gwada ɗaukar mutum bidiyo yana aiki da yardarsa sannan a kalla tare, an ga yana taimakawa, amma da yardarsa nace, kar ki ɗauke shi a ɓoye yana faɗa ki tura wa dangi, wannan tozarci ne kuma zai rushe yardar da ta rage tsakaninku.

Batun shago, a samu ɗan uwansa ɗaya da yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa ko amininsa, ya zo ya zauna da shi a shagon sati guda cur. Mai zuwa gaisuwa ta minti goma ba zai taɓa ganin abin da kike gani ba, don irin su sukan iya riƙe kansu na ɗan lokaci gaban baƙo, sai gajiya ta zo ko hayaniya ta yi yawa birkin ya saki. Wanda ya zauna ya gani da idonsa shi zai zame miki shaida wurin dangi. Bashi a daina bayarwa sai an rubuta, manyan kuɗi su koma hannun mutum biyu. Mashin da mota kuwa kar ya hau sai likita ya gwada shi ya yarda, kuma likita ne ya kamata ya faɗa mai da bakinsa, ya fi karɓuwa akan ace daga gare ki ta fito.

Ku koma asibiti, wannan karon ba wurin masu hoto kaɗai ba, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa mai duba hali da tunani. Daga Funtuwa asibitin koyarwa na Shika bai yi muku nisa ba, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Nasan sunan wurin kawai zai iya sa shi ya tubure, to a ce mai komawa ce duba raunin kai, kuma gaskiya ce ba yaudara ba. Ki shiga ɗakin likita tare da shi, ko ki rubuta abin da kike gani a takarda ki miƙa, don in shi kaɗai aka tambaya cewa zai yi lafiya lau a sallame shi. Akwai magungunan da ke rage saurin fushin nan. Abin da zan roƙe ki kar ku je kemis a baku baliyam ko maganin barci don ya lafa, irin su suna ƙara dagula tunani da mantuwa a mai raunin kai, tiramol kuma yana iya tayar da farfaɗiya.

Addu'a da ruƙiya ta Alƙur'ani ba mai hana ku, ku yi ku ƙara. Amma duk wanda yace zai dake shi ko ya ɗaure shi ko ya turara mai hayaƙi ya fitar da aljani, ku tashi ku bar wurin, kan da ya bugu sau ɗaya baya son bugu na biyu. Maganar saki ba hurumina bane, na malamai ne da alƙali, sai dai ina ba ku shawara in za ku je ku tafi da takardar likita mai bayanin raunin da halin da yake shiga, don wanda zai yi fatawa ya yi ta akan cikakken bayani. Sannan ki ji wannan da kyau, raunin ya bayyana dalilin fushinsa amma bai wajabta miki tsayawa a dake ki ba. In kika ga ya fara hawa ki janye yara ku fita daga ɗakin, in ya kai ga ɗaga hannu ki tafi inda kike da aminci a kira manya.

Ana samun sauƙi kuwa. Mafi yawan ci gaba a shekarar farko zuwa ta biyu ake ganinsa amma baya tsayawa nan. Akwai wani ma'aikacin shimfiɗa layin dogo a Amurka, Finiyas Gej, wanda a 1848 nakiya ta harba sandar ƙarfe ta shiga ta kumatunsa na hagu ta fita ta saman kansa, ya rayu, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya canza har abokansa na cewa ba shi bane. Abin da mutane basu cika faɗa ba shine daga baya mutumin nan ya tafi ƙasar Cile ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki mai ɗaukar fasinja, aikin da ke buƙatar tsari da iya zama da jama'a. Aiki mai tsari ɗaya kullum, lokacin tashi ɗaya lokacin barci ɗaya, yana daga cikin abin da ya fi taimakon irin su.

TAMBAYA: Likita ƙanina ne ya faɗo daga saman gini wajen aikin birkila. Watannin farko kullum cikin raha yake yana cewa wata mai zuwa zai koma aiki. Da ya koma ya kasa, maigidansa ya sallame shi, tun daga nan ya daina fita ko masallaci sai an matsa, baya cin abinci sosai, rannan na ji yana cewa da ma mutuwa ya yi ranar da ya faɗo. Mun zata sauƙi yake samu sai ga wannan. Daga wani ɗan uwa a Kano.

AMSA: Malam wannan maganar da ya faɗa kar ku ɗauke ta maganar ɓacin rai kawai, a kai shi asibiti cikin satin nan, in da hali gobe. Asibitin Malam Aminu Kano na da sashen, ga na Dawanau.

Abin da ya same shi ya sha faruwa kuma yana ba iyalai mamaki. Lokacin da yake raha bai gama ganin abin da ya rasa ba. Yanzu ya fara gani, ta wani ɓangaren ci gaba ne a ƙwaƙwalwarsa, amma shine lokacin da ya fi kowane haɗari ga zuciyarsa, don a lokacin ne mutum ke zama ya lissafa cewa sana'ar da ya iya ta kuɓuce, auren da yake shiri ya tsaya, shi da yake bayarwa yanzu shi ake ba. Ga shi raunin da kansa yana taɓa sinadaran da ke daidaita yanayin rai, sai abu biyu su haɗu. Wannan gargaɗi ne har ga baiwar Allah ta Funtuwa, ranar da maigidanki ya fara cewa ashe gaskiya kike faɗa, ranar za ki ƙara sa ido akansa.

Ciwon damuwa bayan raunin kai ba ƙaramin yawa gare shi ba. Wani bincike da aka yi a birnin Siyatul na Amurka aka wallafa a 2010 ya bi mutum 559 da aka kwantar saboda raunin kai, kashi 53 cikin ɗari sun kamu da ciwon damuwa mai tsanani cikin shekarar farko, kuma ko rabinsu basu samu magani ko shawarar ƙwararru ba. Wani kuma a Denmak a 2018 ya nuna haɗarin mutum ya kashe kansa ya kusa ninka biyu a waɗanda suka taɓa samun raunin kai. Ba rashin tawakkali bane, kar a tsare shi da wa'azin cewa ya gode Allah da bai mutu ba, ya sani, kuma maganar takan sa ya ji ya ƙara laifi akan laifi sai ya daina faɗa muku abin da ke ransa.

Ka zauna da shi ku biyu ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar bata saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji an tambaya. A kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, kar a bar shi shi kaɗai a ɗaki dare da rana. Maganin damuwa irin su satralin ana amfani da su a masu raunin kai, ana farawa da kaɗan, kuma sai an yi sati biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, kar ya sha kwana biyar yace baya yi ya ajiye. A samar mai ɗan aikin da zai iya a ƙasa ba saman gini ba, ko tsaron wurin sayar da bulo ne na rabin yini, abin da zai sa ya tashi da safe da dalili.

TAMBAYA: Ɗana tunda ya yi haɗarin mota sai zama, in ba a ce ya yi wanka ba ba zai yi ba, in aka ajiye shi gaban talabijin nan zai wuni. In na tambaye shi ko ransa a ɓace yake sai yace a'a. Babansa yace lalaci ne ya samu wurin zama. Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya a ba Alhaji haƙuri, ba lalaci bane. Wannan daban yake da ciwon damuwa duk da suna kama a ido. Mai damuwa yana jin ƙunci, yana kuka, yana ganin kansa ba komai ba. Shi kuwa naki abin da ke tayar da mutum ya fara aiki ne ya yi sanyi, shi ma a gaban ƙwaƙwalwa yake, shi yasa in an fara mai yakan ƙarasa amma shi da kansa ba zai fara ba. Faɗa baya gyara shi. A rubuta mai jadawalin yini a manna a bango, a sa ƙararrawar waya ta riƙa tuna mai, a riƙa cewa tashi mu je maimakon me kake so ka yi. In kun ga likita ku roƙi a duba jininsa, don akwai wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ke sarrafa sinadaran jiki, bugun kai yakan taɓa shi, sai kasala da rashin kuzari da raguwar sha'awa su biyo baya, kuma wannan ana maganinsa. A duba barcinsa ma da magungunan da yake sha, wasu na farfaɗiya suna kashe jiki, amma kar ku tsayar da su da kanku.

TAMBAYA: Babanmu ya haura saba'in, ya zame a banɗaki wajen wata ɗaya da rabi da ya wuce, ya tashi da kansa ko asibiti ba a je ba. Yanzu kwana biyu ya fara rikicewa, yana yawan barci, yana jan ƙafa ɗaya, yana fitsari a zaune, in an yi magana yace ba abin da ke damunsa. Tsufa ne ko rikicewar tunani? Daga Gusau.

AMSA: Wannan ba irin na sama bane, na gaggawa ne. A tsofaffi ƙwaƙwalwa takan ɗan motse, jijiyoyin jini da ke tsakaninta da ƙoƙon kai su miƙe, faɗuwa kaɗan sai ɗaya ta tsage jini ya riƙa tsiyaya a hankali yana taruwa makonni kafin ya fara danne ƙwaƙwalwa, abin ya fi sauri in yana shan asfirin ko maganin tsinka jini. Siti sikan na nuna wannan sarai, kuma aikinsa sau da yawa ɗan huji ne ake yi a ƙoƙon kai a zuƙe jinin, tsofaffi da yawa suna dawowa hayyacinsu bayansa. Kar ku jira ya yarda bashi da lafiya, ku ɗauke shi yau ku kai asibitin tarayya na nan Gusau, ku faɗa musu maganar faɗuwar da ranar da ta faru da duk maganin da yake sha, in sun ga jini za su tura ku cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In a hanya ya fara amai ko ya kasa farkawa ku kwantar da shi ta gefe, kar a ɗura mai ruwa ko rubutu a baki.